Mota da Mato

Ranar Laraba ce, bayan la'asar, a wani aji a Ladjifarani cikin Parakou. Ni ne a gaban allo, sai ɗalibaina masu koyon karanta labarai da Hausa. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mota ce daidai ko mato?" Na ce duka biyun daidai ne. Ban tambaye ta wanne ake faɗa a gidansu ba, kuma ina da dalili.

A Djougou na tashi, a gidan kakata mai sayar da goro. Da damina tsakar gidanmu ƙanshin jiƙaƙƙen ganye yake yi, tana zaune tana tsince goron da ya fara lalacewa daga cikin huhu. A irin wannan damina ce wani malami ya zo daga Nijar, ya ari zauren maƙwabcinmu yana koya wa yara karatun Hausa da boko ranar Asabar.

Ban taɓa ganin mai koyarwa irinsa ba. Ba ya sa mu hadda. Sai ya rubuta kalma ya raba ta gida biyu. Mabuɗi, abin buɗewa. Makaranta, wurin karatu. Ranar da ya nuna mana cewa maciji daga cizo ya fito, na dawo gida ina duban kowane abu kamar yau na fara jin sunansa.

Daga nan ya shiga kalmomin aro. Ya ce mai cewa mota da likita, ta Najeriya Hausarsa ta biyo. Mai cewa mato da lokotoro, ta ƙasar da ake Faransanci. Yana dariya ya ce, "Mutum ya buɗe baki sau ɗaya, zan gaya muku iyakar da ya tsallako." Ya ba mu aiki: kowa ya saurari manyan gidansu, ya kawo yadda suke faɗa.

Da na gaya wa kakata, sai ta daina tsintar goro.

A gidanmu akwai mijin gwaggona, direban babbar mota mai zuwa Parakou. Unguwa ta ɗauke shi ɗan gari. Mu kaɗai muka san daga Najeriya ya zo tun yana saurayi, kuma bai taɓa yin takardun zama ba. Dendi, yaren garin, ya zauna a bakinsa, Faransancin hanya ma yana yi. Amma ko a barci ka tashe shi, mota zai ce, birki zai ce.

Kakata ta yafa mayafi ta kama hannuna har zauren.

"Malam, an ce kana neman asali."

"Asalin kalmomi, Hajiya. Ba na mutane ba."

"Kalmomin su kaɗai suke yawo? Ba a bakin mutane suke ba?"

Ya ce karatu ne kawai, yaro ya fi riƙe kalma in ya san inda ta fito.

"To in sun kawo maka, wa kake kai wa?"

"Babu kowa, Hajiya."

"Babu kowa," in ji ta. "Ka baro garinku da damina, saboda babu kowa."

Na dubi fuskarsa a lokacin, kuma na sha tuna ta. Ban ga laifi a cikinta ba. Ban kuma ga abin da zai sa in rantse a kansa ba. Wani cikin iyayen yara ya ce ya taɓa ganinsa yana hira da masu kaki a tasha. Wani ya ce ai kowa yana gaisawa da su.

Yau da hanyar malamin nan nake koyarwa, don ban sami wadda ta fi ta ba. Ina raba kalma, ina faɗin inda aka aro ta. Sai dai misalan nawa ne, daga bakina; ba na aika ɗan kowa ya saurari gidansu.

Ban koma zauren ba daga wannan Asabar. Mijin gwaggona kuwa bai jira ya ga gaskiyar malamin ba. Kafin lokacin girbi ya kwashe iyalinsa zuwa unguwar Albarika a Parakou, inda baƙi suke da yawa, kuma bai sake zama a Djougou ba.