Katunan Malam Isiyaku da Kaskon Garwashi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina kuma maƙwabcina a Kawo, Malam Isiyaku na gidan waya. Ya tafi ana kashe fam da sule, motoci na bin hannun hagu, ko naira bai taɓa riƙewa ba. Ni malamin makaranta ne daga kudancin jihar nan, ina zuwa coci, shi yana zuwa masallaci, katanga ɗaya ce ta raba mu. Na zaɓi in tuna da shi a wannan fili ne saboda har yau nakan gamu da masu cewa, "Au, mutumin nan mai gwangwanin dodo?" To, yau zan faɗi abin da ke cikin gwangwanin, don na gani da idona.

Aikin Isiyaku buga tambari ne a kan wasiƙu, wato zagayen nan na baƙin tawada mai ɗauke da sunan gari da ranar da aka aika. Aiki ne da kowa ke rainawa, amma shi ya ɗauke shi da zafi. Kullum da safe sai ya goge ƙarfen tambarin da ɗan burushi, ya gwada a takarda, sannan ya fara. In ya ga wasiƙa ta zo da tambari a dagule, haushi yake ji kamar a gidansa aka yi ɓarna. Nakan tsokane shi in ce ko Gwamna ba ya sa hannu da irin wannan yanga. Shi kuma ya ce ai Gwamna ana canzawa, tambari kuwa yana nan.

Wannan tsabtar hannu ce ta haɗa shi da wani tsoho Basine da ke haɗa rini a wata masaƙa a ƙetaren kogi. Mu dai Tsoho Mai Rini muke ce masa, don sunansa ya gagari harshenmu. Duk wata yakan zo aika wasiƙa gida, kuma ba ya yarda kowa ya buga masa tambari sai Isiyaku. Wata rana ya kawo masa kyautar wani tsohon kati na ƙasar Sin tun zamanin da suke da sarki. Irin katin nan ne da ba a sa shi a ambulan, kan sarkinsa a jikinsa aka buga, sai dai maimakon kan mutum, wata halitta ce mai jikin maciji da farata, ta nannaɗe. Daga ranar Isiyaku ya kamu. Ya shiga musaya da masu irin wannan sha'awa a ƙasashen waje, ya aika musu kan sarkin Nijeriya, su aiko masa da katunan Sin, har ya cika gwangwanin biskit.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Isiyaku bai iya karanta ko harafi ɗaya na rubutun Sinawa ba, kuma bai damu ba, don shi tambarin yake bi. Da yamma mukan zauna a ƙofar gida ya baje su a kan tabarma, yana ɗaga su da ɗan hantsaki don kada gumin hannu ya taɓa su. Akwai tambari zagayayye, akwai mai siffar allo na ƙananan garuruwa, akwai kuma wanda ya fi ji da shi, layuka ne kawai a jere, wasu a haɗe wasu a yanke, kowane gari da nasa tsarin. Yakan ce min kowane tambari hannun wani ma'aikaci ne irinsa, wanda ya mutu tun ba a haife mu ba, amma ga aikinsa fes. Na yarda da shi a lokacin, kuma har gobe ban canza ba.

Ciwon kwana kaɗan ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Mutuwar farat ɗaya kuwa ba ta rabuwa da surutu. Wata mata da ta shiga ta'aziyya ta ga gwangwanin a buɗe, ta fito ta ba da labari, kafin sadakar bakwai Kawo ta ɗauka cewa Isiyaku dodo yake kiwo, kuma dodon ne ya juyo kansa. Magana zarar bunu ce. Matarsa Asabe tana suyar waina a cikin gida, sai ga masu aikowa saye sun ɗauke ƙafa. Mutumin da bai taɓa cin kwabon kowa ba, sunansa ya koma matsafi alhali yana kwance ba ya iya kare kansa. Abin ya ƙona min rai ƙwarai.

Ana gab da sadakar arba'in wansa Malam Tanko ya zo daga ƙauyensu a ƙasar Malumfashi. Dole in yi masa adalci, Tanko ba mugu ba ne. Manomi ne mai tsoron Allah, kuma da ciwonsa a zuci: Isiyaku ya yi shekaru bai leƙa gida ba, kullum sai saƙon aiki ya yi yawa, in an samu hutu zai zo. Da Tanko ya buɗe gwangwanin ya ga macijin, ya ga layukan nan masu kama da zanen masu bugun ƙasa, sai ya ga ya gano abin da ya ɗaure ƙanensa a Kaduna. Ya yanke cewa ranar arba'in za a ƙona su a gaban jama'a, don a sauƙaƙa wa mamaci kwanciyar kabari. Asabe tana takaba, ba ta fita, sai ta aiko matata ta gaya min. Saƙonta gajere ne: in aka ƙona katunan nan a bainar jama'a, an tabbatar da ƙaryar ke nan har abada, kuma 'ya'yanta ne za su tashi da ita.

Ni ba ni da ta cewa a rabon gadon gidan Musulmi, na san matsayina. Amma ina da keke. Na ƙetare gada na je masaƙa na nemo Tsoho Mai Rini, wanda ko labarin rasuwar bai ji ba. Da na gaya masa, sai ya tambaye ni wace rana ce sadakar arba'in ɗin.

Ranar ya zo da hantsi a motar haya, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma cikin mutane, hannayensa shuɗi da rini. An riga an kawo kaskon garwashi an ajiye kusa da gwangwanin. Na gaida Malam Tanko na ce, "Malam, gani ya kori ji. Ga wanda ya iya rubutun ya zo. A bari ya karanta, in tsafi ne ni da kaina zan ƙara gawayi." Liman ya ce wannan magana ce. Tanko ya ce ya yarda, amma shi zai zaɓi wanda za a karanta, don kada a yi masa wayon 'yan birni.

Na farko da ya zaro, wani ɗan kasuwa ne ke cewa ganyen shayi ya iso amma ya jiƙe a hanya. Na biyu, wata tsohuwa ce aka rubuta wa ana tambayar gwiwarta. Tsohon yana karantawa yana juyawa da Hausarsa ta masaƙa, mutane suka fara murmushi a ɓoye. Tanko bai yi dariya ba. Ya tona har ƙasan gwangwanin ya ciro wanda ya fi tsorata shi, mai layukan nan baƙi ƙirin a kan macijin, ya miƙa.

Tsohon ya gyara tabarau ya ce, "Wannan ƙane ne ya rubuta wa wansa. Ya ce, Yaya, ina lafiya. Aiki da yawa. Ka yi haƙuri bana ban zo ba. In an yi girbi ina zuwa."

Can Tanko ya ce, "To, ya je?"

"Ban sani ba, Malam," in ji tsohon. Ya juya katin ya nuna wani ƙaramin tambari a gefe, na garin da katin ya isa. "Kati dai ya je."

Ban taɓa ganin dattijo ya yi kuka irin na ranar ba. Da ya natsu ya sa aka fitar da kaskon, ya miƙe ya ce wa jama'a, "Ku shaida, ƙanena ba matsafi ba ne. Gaisuwar mutane yake tarawa." Ya ce a gadon Isiyaku ba ya son komai sai wannan kati guda. Shi ne wanda Isiyaku ya fi wahalar samu, ya fi kuma ji da shi, amma Asabe ta aiko daga ɗaki cewa a ba shi. Kafin mako ya zagayo layin masu sayen waina ya dawo, har da matar da ta fara baza labarin.

Nakan tambayi kaina me Isiyaku zai ce da Kadunar yau. Kuɗi sun yawaita, Kawo ta cika ta batse, gidaje sun kai inda muke zuwa farautar gafiya. Mutane sun koma ɗaukar murya a kaset su ba direba a tasha, ba kati, ba tambari. Na tabbata zai yi tsaki, ya ce saƙon da ba shi da shaidar tashi ba shi da shaidar isa, zance ne kawai. Amma na san halinsa, bayan tsakin sai ya nemi a kunna masa ya ji. Abin da ba zai yafe ba shi ne yadda yara masu tara kan sarki yanzu ke jiƙa tsohon kati a ruwa ko su yanke kusurwarsa da almakashi, su yar da sauran. Duk inda na ga haka a makaranta nakan tsawatar, da muryarsa ma nake yi.

Gwangwanin yana nan wurin babbar 'yarsa, tana duba shi duk damina saboda laima da gara. Tsoho Mai Rini ya koma ƙasarsu. Ban ce abokina ba shi da laifi ba: ya kula da gaisuwar mutanen da bai sani ba, ya bar ta gida tana jiran hutu, kuma hutun bai zo ba. Zumunci a ƙafa yake, wannan gaskiya ce ko a kan wanda kake ƙauna. Amma sunansa ya fita fes, kuma wanda ya fi kowa jin haushinsa ne ya wanke shi da bakinsa.

Malam Tanko kuwa bai sake jiran kowa ya zo masa ba. Duk shekara da ya gama girbi sai ya hau mota ya zo Kawo da buhun dawa, ya kwana biyu yana duba 'ya'yan ƙanensa. Bana ƙafa ta fara ba shi wahala, Asabe ta aika masa cewa ya huta, yara za su zo. Jiya da azahar na ji sallamarsa a ƙofar gidan, yana dogara sanda. Allah ya jiƙan Isiyaku, ya sa ya huta.