Faifan Kulsumu

"Wallahi Baba, babu komai a ciki!"

"Kai ne babu komai a kanka!"

Ta bangon falanki nake jiyo su, a wani shagon kwamfuta a Tudun Wada, ina jiran a buga min takardu. Na leƙa. Dattijo ne dogo, hularsa ta koɗe, hannunsa duk kanta irin ta masuntan Tiga. Ya ƙi zama. Ƙyallen da ya naɗo wani faifan CD a ciki yake ta ninkewa yana warwarewa.

Mai shagon kuwa da wata manhajar kwamfuta, Linux, yake aiki. Sau uku yana ƙoƙarin ɗora faifan, wato buɗe shi kamar na ajiyar takardu, na'urar tana cewa ba ta ga fayil ko ɗaya ba. Can ya dafe goshi.

"Au! Ashe na sauti ne. Irin wannan ba a ɗora shi, Baba, kunna shi ake yi. Bari ka ji."

Dattijon ya riƙe masa hannu. Da aka zaro faifan na ga rubutu a jikinsa: Kulsumu, hirar garinmu da ruwa ya ci. Ina zaton matarsa ce, ina kuma zaton ta rasu. Mutumin da ya yi faɗa don a yarda akwai murya a ciki, shi ne yanzu yake tsoron ta fito.

A bakin ƙofa ya juyo, faifan na aljihun ƙirjinsa.

"Ba ji na zo yi ba, ɗana. So nake in tabbata tana nan."