Shaidar da Matata Ta Bayar a Coci

Ni magini ne, ginin ƙasa da yaɓe. A zamanin mulkin soja muna zaune a unguwar Limancin Kona ta cikin birni, cikin gidan wata tsohuwar Hajiya da na taɓa gyara wa soro. Mu kaɗai ne Kirista a lungun, kuma ba wanda ya taɓa tsangwamar mu. Ranar Lahadi sai mu fita bayan ganuwa mu je coci.

Matata ta kamu da tarin fuka. A asibiti aka ba ta ƙwayoyi, aka ce ta yi ta sha wata da watanni, ko ta ji sauƙi kada ta daina. Da ta yi wata biyu tana sha sai tarin ya lafa, ta fara cin tuwo sosai, har ta koma daka.

Daidai lokacin wani baƙon mai wa'azi ya sauka a cocinmu, kwana uku yana addu'ar warkarwa. Ya ɗora mata hannu a ka ya ce an gama. Al'adarmu ce wanda Allah ya yi wa alheri ya miƙe gaban jama'a ya ba da shaida. Ta miƙe cikin zanen matan zumunta, ta ce Yesu ya warkar da ita. Aka rangaɗa guɗa, aka yi rawa.

Mai wa'azin ya ce, "To Mama, wanda ya warke me zai yi da magani?"

Ta kwance bakin zane ta miƙa masa ƙwayoyin. Ina zaune a bencin maza ina tafi tare da kowa.

Da Hajiya ta ji labari ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ke 'yar nan, mu ma da muke shan rubutu ai ba mu zubar da na likita. Wa ya ce miki Allah yana kishi da ƙwaya?"

Matata ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ke dai taya ni murna."

Damina na faɗuwa tarin ya dawo. Ta riƙa zagayawa bayan ɗaki tana toshe baki da ɗankwali. Wata rana da na dawo aiki na ga jini a jikin ɗankwalin. Na ce mu koma asibiti.

Ta ce, "Maigida, da wane bakin? Mata nawa suka yi rawa a kaina? Akwai mai ciwon ƙafa da ta ce shaidata ce ta riƙe ta. In aka gan ni a layin asibiti, na ƙaryata Ubangiji ke nan."

Mutane suna yabona da haƙuri. Na ce bari in ƙyale ta, za ta sauko da kanta, kamar yadda ake barin gini ya sha iska kafin a ƙara masa tubali. Haka na yi ta jira har aka yanke gero.

Dattijon fastonmu ne ya zo duba ta, ya tarar ba ta iya zama sai an jingina ta. Ya ce, "'Yata, hannun likita ma Allah ne ya halicce shi. Tashi mu tafi." Na so in tambaye shi inda ya ajiye wannan maganar ranar da ake guɗa, amma na haɗiye.

Nas ɗin da ta karɓe mu ta dube ni ta ce, "Malam, ina ka kai ta duk watannin nan?" Kwananta tara a gado ta cika.

A zaman makoki, wani dattijon coci ya zauna kusa da ni a kan tabarma, ya sassauta murya kamar mai lallashi. Ya ce, "Sai haƙuri, ɗan'uwa. Da ta tsaya a kan shaidarta da tana nan. Komawa asibitin nan ne ya nuna bangaskiyarta ta yi rauni."

Matar da ta yi damina guda tana haɗiye tari don kada a ce Yesu ya gaza, ita ake faɗa wa haka, ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba. Na daɗe ina kallon bakinsa. Sannan na ce, "Na gode da zuwa, Baba. Allah ya ba da lada."