Inna Febi, Muguwar Tsohuwar Da Ba Ta Cuci Kowa Ba

Kullum da safe, kafin in buɗe shagon ɗinki, Inna Febi ta riga ta wuce da kwandonta zuwa bakin tafki. Kifi take zuwa saye, amma ba ta dawowa da wuri. Sai ta zauna kusa da mata masu suya, tana sauraren yadda suke ciniki, yadda suke faɗa, yadda suke shiryawa. In ta dawo ta tsaya ƙofar shagona ta ce, "Ɗanjuma, an tashi lafiya? Yau na samo sabon zagi, amma ya fi ƙarfin kunnenka." Da la'asar kuma tana gidan matasa tana koya wa yara wasan kwaikwayo. Haka take shekara da shekaru a nan Madarunfa. Asabar da ta wuce ta yi wasanta na ƙarshe, gwiwoyi sun ƙi, shi ya sa na ɗauki biro. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal, makarantar boko, ba, a yi mini haƙuri.

Ta fara tana 'yar shekara goma sha biyu, a wasan Kirsimeti na majami'arsu. Aka ba ta matar mai masauki, wadda ke cewa babu wuri. Ta ce tun ranar aka gane fuskarta ta iya korar baƙo. Daga nan sai ƙungiyar samariya, suna yawo a bayan kamiyo, motar kaya, daga Sarkin Yamma har Ɗan Issa. Sai rediyo, sai tele, har Yamai ta je. Da fim ɗin kaset ya zo aka neme ta, yanzu jikokinta a waya suke kallonta. Shekara arba'in da 'yan kai, kusan kullum abu ɗaya ake ba ta: muguwar tsohuwa. Tun tana da ƙuruciyarta ake barbaɗa mata toka a kai, ta duƙa, ta zama uwar miji mai hana suruka zuwa awon ciki, ko kaka mai ɓoye jika a rumbu ranar rigakafi.

Habibu, direban da ya daɗe yana kai su ƙauyuka, shi ya ba ni labarin abin da ya faru a garin Safo. Sun yi wasa ranar kasuwa, inda surukar ta rasu wajen haihuwa saboda tsohuwa ta hana a kai ta likita. Aka tashi, Inna Febi ta je sayen ƙosai. Mai ƙosan ta dube ta, ta ɗauke faranti, ta ce, "Ba na sayar wa mai kisan kai." Kafin a yi magana wata ta zo ta wanka mata mari. Habibu ya yunƙura, Inna Febi ta riƙe masa riga. A mota ta ce masa, "Da tafi ta yi mini, da na san aikin banza na yi." Ya ce bayan wata biyu matar da ta yi marin da kanta ta ɗora surukarta a amalanke ta kai ta awo.

Ke ce kika yarda a ƙi ki don a so gaskiya, Inna. Ƙaya a dandali, auduga a gida.

Ban da bakin yi wa mutanen Safo dariya, don ni ma na yi irin tasu. Shekaru ina gaishe ta da nesa-nesa, ina cewa a raina wanda ya iya mugunta haka, ai akwai ta a jikinsa. To, bara sai 'yata Ruƙayya, mai shekara goma sha bakwai, ta ce tana so ta shiga ƙungiyar wasan Inna Febi. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Na rufe shago na tafi gidan matasa, niyyata in ce a fita harkar 'yata.

Na iske su suna gwaji. Kafin in buɗe baki ta ce, "Yawwa, ga uban ya kawo kansa. Ku ba shi kujera. Ni ba na karɓar 'yar kowa sai ubanta ya zauna ya gani da idonsa."

Na ce, "Inna, ba zama na zo yi ba."

"To tsaya. Dama muna neman uba mai taurin kai, wanda muke da shi murya gare shi kamar ta zabuwa. Faɗi abin da ke ranka, shi ne wasan."

Yara suka kwashe da dariya. Ni kuwa na faɗa. Na ce tsorona kada a ba Ruƙayya matar banza a wasa, mutane su ɗauka halinta ne, a bi ta da shi har gidan aure. Na zata za ta ce ba a yin haka.

Ta ce, "Ana yi. Ni an yi mini, har da mari. Kai ma ka yi mini, ko ka zata ban ga irin gaisuwarka ba?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ba zan yi maka alkawarin bakin mutane ba, ba a hannuna yake ba. Amma tun ranar Safo, ba a watsewa daga wasana sai na wanke kowa. Zan karkaɗe tokar kaina a gaban jama'a, in fito da yara ɗaya bayan ɗaya, in faɗi sunan kowa da na ubansa da unguwarsu. Mugun hali a dandali muke barinsa, ba ya bin yaro gida. In ka yarda in kira sunanka, ka bar mini ita. In kana jin kunya, ka tafi da abarka, ba mu ɓata ba."

Mako guda ina juya maganar. Uwar Ruƙayya ta ce, "Malam, in ba ka yanke ba, za ka ɗinke wa mutane aljihu a baya." Daga ƙarshe na ce ta je.

Ranar Asabar ɗin nan ta wasanta na ƙarshe wurin ya cika, har da mutanen Safo. Ruƙayya aka ba magulmaciya mai haɗa maƙwabta faɗa, kuma ta iya har gabana ya faɗi. Wata a bayana ta ce, "Wannan yarinya Allah ya shirye ta." Da aka gama, Inna Febi ta miƙe da ƙyar, ta kama hannunta ta ce, "Wannan Ruƙayya ce, 'yar Ɗanjuma tela na bakin tasha. Ba ta gulma. Ita ke ɗebo mini ruwa tun da ƙafa ta ƙi." Matar nan ta taɓo ni ta ce, "Ashe taka ce? Allah ya yi mata albarka." Na ce amin da ƙarfi.

Tsoron bai ƙare ba, uba ne ni. Amma yanzu ina barci.

Na gode, Inna Febi. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki daɗe kina ba mu dariya a ƙofar shago. Masu koyar da 'ya'yan mutane, ku riƙe su kamar yadda ta riƙe. Iyaye 'yan'uwana, kafin ku hana, ku je ku zauna ku gani. Wanda kuma ya taɓa zaginta a kasuwa, gidanta na nan bayan majami'a, kuma tana son ƙosai mai zafi.