Matar da Ta Hana Mu Cewa "Da Sauƙi"

Shekara uku ke nan cur da muka raka Mama Saratu makwancinta, amma har yau in na gaishe da mara lafiya ya ce mini "da sauƙi", sai in ji kamar tana bayana tana jan tsaki. Ƙanwar mahaifiyata ce, nas ce da ta daɗe da yin ritaya, kuma duk Kafanchan Sista ake ce mata, har da fastonmu wanda ya girme ta. Ni kuwa malamar firamare ce, sunana Rifkatu. Ba don wannan tsohuwar ba, da tuni na ajiye alli na koma gida, kuma labarin da nake so in ba ku ke nan.

Lokacin da korona ta shigo, ina cikin waɗanda ta damƙa. Na yi mako biyu a kwance, aka sake gwaji aka ce babu ita, aka sallame ni. Mu nan in Allah ya tashi kafaɗunka, ba ka yin shiru, sai ka je coci ka yi godiya. Da aka buɗe majami'u muka ɗinka anko, maigidana ya rungumi wani jibgegen zakara, ni na ɗora doya a ka, muka taka rawa tun daga ƙofa har gaban bagadi, 'yan zumuntar mata suna buga tulu suna guɗa. Aka miƙo mini makirufo, na shaida wa ikilisiya da babbar murya cewa na warke sarai. Bayan wannan rawar sai da na kwana uku ban iya tashi daga gado ba.

Da aka koma makaranta abin ya fito fili. In na tsaya gaban allo minti goma, sai zuciyata ta shiga dukan uku-uku, gwiwoyina su saki. Kalmar da na sani tun ina yarinya sai ta ɓace mini a tsakiyar magana. Wata rana na tambayi 'yan aji bakwai sau takwas, suka amsa daidai, ni kuma na tsaya ina kallonsu don ban san ko daidai ba ne. Shekara talatin ina koyar da wannan lissafin. Na ji tsoro ƙwarai, tsoron da ban ji ba ko ina kwance a asibiti.

Ga kuma inda na ɗaure kaina da kaina. Ai na riga na shaida a gaban jama'a, an tafa mini, an yanka zakara an ci. In yanzu na ce har yau ba ni da lafiya, kamar na koma wurin Allah ne in ce ya ba ni zakarana. Saboda haka kowa ya ce yaya jiki, sai in washe baki in ce da sauƙi. Shugabar makarantarmu, wadda ita ma tana coci ranar godiyar, ta ga mai lafiya tana gyangyaɗi a ofis, sai ta ɗauka lalaci ne ya zo mini da girma. Ta kira ni ta ce, cikin ladabi dai, in aikin ya fi ƙarfina akwai masu jiran gurbin. Saura mini shekara biyar in cika shekarun aiki, amma a ranar na yanke shawarar barin aikin.

Ba a yin babban abu ba a faɗa wa manya ba, don haka na hau keke napep na tafi wurin Mama. Na same ta a tsakar gida tana tsaga citta tana shanyawa. Ta ce yaya jiki, na ce da sauƙi.

"Sauƙin yana ina? Nuna mini shi," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Daga bakin titi zuwa nan sau biyu kin tsaya, ina ganinki. Ni ba fasto ba ne, ni ba surukinki ba ne. Da sauƙi gaisuwa ne, ba amsa ba ne. A gidan nan ba a faɗa shi."

Sai na fashe da kuka kamar 'yar aji ɗaya. Na zayyane mata komai, har da maganar zakara. Ta yi dariya sai da ta dafa turmi.

"Ke kina gani zakara ɗaya zai rufe wa Allah ido? Kin gode masa don ba ki mutu ba. To kin mutu? Ina ƙaryan a ciki? Batun rizain kuma, ki bar shi tukuna."

Ba ta ba ni ko ƙwaya ɗaya ba. Washegari ta tasa ni gaba zuwa wurin likita aka duba zuciya da jini, don ta ce ita ba ta wasa da ƙirji. Da aka ga babu wani abin gaggawa, sai ta zaunar da ni ta yi mini bayani irin na kasuwa. Ta ce a shekarunta na aiki ta sha ganin cuta ta tafi ta bar gajiyarta a jikin mutum, wani wata uku, wani ya fi. Ta ce da ƙarfina buhu ne, ina ɗiba ba awo, yanzu kuwa mudu ɗaya ake ba ni kowace safiya. In na ƙarar da shi a wanki da shara kafin ƙarfe takwas, da me zan shiga aji? Haka maigidana ya koyi daka da tsufansa, kuma har yau yana ba mutane labari kamar wanda ya je yaƙi.

Sannan ta yi abin da ni ban isa in yi ba. Ta ciro tsohon agogonta na nas ta maƙala a ƙirji bisa rigar atamfa, ta tafi ofishin shugabarmu. Abu biyu ta roƙa: kujera ɗaya a gaban allo, da zangon karatu ɗaya na haƙuri. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, amma da ta fito shugaba ce ta riƙo mata jaka har bakin ƙofa. Ranar Litinin na tarar da kujera a ajina. Da fari kunya ta kama ni, don mu an koya mana malamin kirki ba ya zama. Ashe a zaune ma bakwai sau takwas hamsin da shida ne.

Kafin a jima labari ya bazu cewa akwai gidan da ake iya faɗin gaskiyar jiki. Kowace Alhamis da la'asar sai ka ga mutum shida ko bakwai a kan benci a tsakar gidanta, kusan dukanmu mun yi rawar godiya, kowa yana ɓoye abinsa. Doka ɗaya ce: in an tambaye ka jiki, ka faɗi wurin da yake damunka da abin da ka iya yi a makon. Wata ta ce ta hau tudun gidansu ba ta tsaya ba, aka tafa mata. Wani ya ce shi makon nan baya ya koma, ba wanda ya ce masa bangaskiyarsa ce ta yi ƙaranci. Addu'a muna yi, amma Mama ba ta yarda a yi amin a tashi ba sai kowa ya yi magana.

Wanda ba na mantawa shi ne Baba Yakubu, dillalin citta da hancinsa ya mutu bayan cutar. Mutumin da ke karya citta ya shinshina ya gaya maka ƙauyen da aka noma ta, ya wayi gari ba ya bambanta ta da rogo. Mama ta zuba masa citta da kanumfari da ɓawon lemo da daddawa a 'yan kwalabe huɗu, ta ce ya riƙa shinshinawa safe da yamma yana tuna yadda ƙamshinsu yake. Ya yi wata da watanni yana yi yana mita. Wata Alhamis sai ga shi ya shigo da rawa, hula a hannu.

"Sista! Na ji! Na ji wari!"

"Cittan ne?"

"Ina! Garken aladun maƙwabcina ne. Kai, ashe haka muke zaune a unguwan nan?"

Mun yi dariya har wata ta nemi ruwa. Ƙamshin citta bai dawo masa ba sai can gaba, kuma ya ce bai kai na da ba. Mama ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin zai koma yadda yake ba. Ni ma sau nawa ina jin ƙarfi in zage in yi aikin kwana uku a rana ɗaya, in kwanta mako guda. Sai ta zo ta tsaya a kaina ta ce ranar da na ji garau ita ce ranar da ya kamata in fi jin tsoro. Zangon da aka ba ni ya ƙare, shugaba ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tuna mata ba.

Hawan jini ne ya ɗauke ta, cikin damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Tun daga nan nakan tambayi kaina me za ta ce da zamanin nan. Yanzu a tasha da kasuwa lasifika ce ke tallar maganin da ke warkar da gajiya da mantuwa da ciwon baya a kwalba ɗaya, a waya kuma kowa ya zama likita. Na san da sai ta tsaya gaban mai lasifikar ta tambaye shi a wace makaranta ya karanta. Wasu ma yanzu cewa suke korona ba a taɓa yin ta ba, kuma a gabana suke faɗa, ni da har yau ba na iya hawa bene ban huta ba. Wannan da ya ɓata mata rai. Amma da ta ji daɗin ganin cewa zaman Alhamis bai mutu ba, ya dai koma gidana, kuma masu zuwa yanzu ba 'yan korona kaɗai ba ne. Akwai wadda zazzaɓin Lassa ya bari tana ji da kunne ɗaya, akwai wanda ciwon shawara ya tafi ya bar shi ba ƙarfi. Ni ba nas ba ce, don haka mai ciwon ƙirji ko haki asibiti nake tura shi kai tsaye. Abin da na iya shi ne in ba mutum wurin zama in saurare shi.

In aka ce me ta bari, ba gida mai bene ba ne, ba kuma suna a jikin wani gini ba. Ta bar mutane kaɗan a garin nan da suka gane cewa godiya ga Allah da faɗin inda ke ciwo ba sa faɗa da juna. Ina kewarta ƙwarai, har da faɗanta.

Watan jiya aka kawo mini takardun ritaya in cike. Akwai wani layi da aka ce a rubuta dalilin barin aiki, ko rashin lafiya ne, ko son rai, ko cikar shekaru. Na daɗe ina kallon layin nan kafin na rubuta cewa shekaruna ne suka cika. Da aka tashi na fito da takardar a hannu, murna ta cika ni, na tare keke napep na faɗa wa direban unguwa. Sai da muka tsallake layin dogo na farga cewa kwatancen gidan Mama na ba shi. Ya waiwayo ya ce, "Madam, mu juya ne?" Na ce a'a, ya ci gaba, amma ya wuce gidan, ya kai ni maƙabarta.