Tsohuwar Fasta a Tashar Iware

Rebeka na zaune tana jiran motar Iware ta cika, idonta a kan wani dattijo. Rigarsa ta koɗe amma a goge take, carbi na naɗe a hannunsa. Yana tsaye gaban tsohuwar fastar wani ɗan takarar kansila, yana shafa gefen da ruwan sama ya ɗaye.

Sai ga mai liƙa sababbin fastoci da bokitinsa.

"Baba, matsa kaɗan."

"Liƙa taka a gefe, ɗana. Wannan ba zai ƙara neman ƙuri'ar kowa ba."

Rebeka ta dubi hoton, ta dubi dattijon. Goshinsu ɗaya, har wushiryar. Addininta da na dattijon daban, amma bakinta ya riga ta.

"Allah ya jiƙansa, Baba."

Bai juyo ba. "Amin, 'yata."