Shatin Yatsu a Bangon Zaure

Shekaruna sun haura saba'in, kuma mantuwa ta fara yi mini sata, amma akwai wani yini guda a Gwarzo wanda na tabbata ba zai bar zuciyata ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Ni malamin zane ne. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da yara riƙon fensir a makarantun Gwarzo da Kabo, har ya zamana in na shiga ofis, da wuya in rasa wanda zai miƙe ya ce na koyar da shi. Saboda haka da wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta shirya wa matasan yankinmu gasar zane, ta naɗa ni shugaban alƙalai, ban yi mamaki ba. A ganina ai an ajiye ƙwarya ne a gurbinta.

A cikin rukunan gasar akwai zanen kwamfuta. Yadda aka bayyana mini, mutum yakan gina abu a cikin na'urar, bango da ƙofa da rufi, sa'an nan ya sake ta ta lissafa haske da inuwa ta fitar da hoto. Wannan shi suke kira ɗanyen hoto. Sharaɗin gasa shi ne kowa ya kawo ɗanyen tare da wanda ya gyara. An yarda a ƙara haske ko a rage, a daidaita launi, a datse gefe. Abin da aka haramta shi ne a liƙa wani abu wanda babu shi a cikin ginin tun asali. An ba ni takardar sharuɗɗan, na naɗe na sa a aljihu ban karanta ba. Ni da na koyar da waɗanda suka rubuta ta, me za ta gaya mini?

Ranar gasa, bayan azahar, aka haska aikin wata budurwa 'yar Getso a jikin farin ƙyalle. Zaure ne na ƙasa, mai bakan gizo da rufin azara, rana ta ratso ta ƙofa ta kwanta a kan daɓe. A saman ƙofar daga ciki akwai shatin hannun dama, yatsu biyar, kamar yanzu aka ɗaga su daga ɗanyen yaɓe.

Ta yi bayani cikin ladabi, ta ce mahaifinta magini ne, shi ya gina zauren tun ba a haife ta ba. Al'adarsa, wadda ya gada daga nasa uban, in ya gama gini sai ya danna tafinsa a saman ƙofa kafin yaɓe ya sha iska. Damina ta rushe zauren, aka mayar da na bulo, shi ya sa ta sake gina shi a inda ruwa ba ya kaiwa. Ta nuna mahaifin nata, wani dattijo a sahun gaba, riƙe da sanda, yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Ba zai ga hoton ba, ya zo ne ya ji abin da mutane za su ce.

Sai aka haska ɗanyen hoton kusa da gyararren. Bangon fari fat, haske ya wanke shi. Na duba saman ƙofa, ban ga yatsa ko ɗaya ba. Wani abu ya motsa a raina wanda a lokacin na kira shi kishin gaskiya. Yau na san sunansa: daɗin in nuna cewa idon tsoho ya kama abin da ya wuce na yara.

Ƙaramin alƙalin da ke gefena, wanda shi ma tsohon ɗalibina ne kuma shi ne masanin na'urar, ya sunkuyo ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a bari mu buɗe asalin ginin mu duba tukuna."

Na ce, "Kai, yaushe aka yaye ka? Abin da ido ya gani sai an tambayi inji?"

Na karɓi lasifika, na ce wannan hannu liƙa shi aka yi bayan an gama, kuma algus algus ne, ko a mudu ko a hoto. Na ce an fitar da ita daga gasa.

Ta ce, "Baba, wallahi yana ciki. Haske kawai na rage."

Na ce, "Yarinya, kada ki ƙara rantsuwa a kan laifi."

Sai dattijon ya dogara sandarsa ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya juyo inda yake jin tawa, ya ce, "Malam, ni ban ga hoton ba. Amma shekara hamsin ina kwaɓa ƙasa, ban taɓa cuɗa ta da yashi na ce zalla ce ba, kuma ban koya wa 'yata ba." Ya miƙa mata hannu. "Taso mu tafi, uwata."

Kwana uku bayan haka ɗalibin nan nawa ya zo gidana da hantsi, ɗauke da kwamfutarsa. Muka gaisa, ya tambayi iyali da ƙarfin jiki, sa'an nan ya buɗe asalin ginin yarinyar, ya juya bangon a gabana kamar ana juya faifai. Ga yatsun nan a lotse cikin ƙasa, har da karkacewar ƙaramin yatsa. Ya ce hasken da ya yi yawa ne ya shafe inuwarsu a ɗanyen hoto, da ta rage shi sai suka bayyana. Ya zaro takardar sharuɗɗa ya ɗora yatsa a kan layi na biyu. Abin da ta yi shi ne abu na farko da aka halatta.

Abin kunyar, na san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta. Ko zanen bango ba ya fitowa da tsakar rana sai inuwa ta karkata. Ni na koyar da shi a aji sau ba adadi.

Da a ranar na hau mota zuwa Getso, da labarin nan bai cancanci rubutu ba. Amma girman kai rawanin tsiya ne. Na ce ƙungiya ta rubuta takarda. Na ce bari a gama yankan gero. Na ce ƙafata na ciwo. Gaskiyar ita ce ban san yadda mai furfura irina zai durƙusa a gaban sa'ar 'yar cikinsa ba. Sai da mako biyar ya shuɗe, bacci ya ƙaurace mini, sa'an nan na shirya.

Tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gidan su yarinyar da mutane zazzaune. Ran nan ne sadakar ukun mahaifinta.

Bayan na yi ta'aziyya na nemi a kira ta. Ta fito soro ta durƙusa ta gaishe ni, kamar ban taɓa yi mata komai ba. Na ce, "'Yata, ni ne mai laifi. Kin yi gaskiya, na zalunce ki a bainar jama'a."

Ta ce, "Ni na yafe, Baba. Shi dai ne kullum in ya ji sallama sai ya ce, 'Duba mana, ko malamin nan ne.' Ya ce ku masu ilimi ne, in kun duba za ku dawo."

Ya yi mini kyakkyawan zaton da ban yi wa 'yarsa ba, kuma ya tafi yana jira.

Daga baya ƙungiya ta wanke ta a rubuce, aka karanta a taro, ni da bakina na karanta. Ta aiko mini da hoton a buge, yana rataye a ɗakina, saman ƙofa. Duk wanda ya tambaya nakan gaya masa labarin ba tare da na rage nawa kason ba.

Abin da na koya, a shekarun da ake zaton na gama koyo, shi ne: wanda aka ba hukunci ya karanta sharaɗi kafin ya buɗe baki, domin ba duk abin da idonsa bai gani ba ne babu shi. In kuwa ya riga ya yi kuskure, to ya ɗauki takalminsa a ranar. Haƙuri yana jira, amma wanda za a ba shi ba lallai ne ya jira ba.